Lambun Tsakar Gida: Kun Tambaya, Ga Amsa

Assalamu alaikum masu karatu. Ruwa ya ɗauke, sanyin asuba ya fara shigowa, kuma a wurin mai lambu a Sakkwato yanzu ne shekara ke farawa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ƙasarmu na karɓar kusan duk abin da aka ba ta. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai abin da aka yi wa tanadi ke kaiwa damina. Tun ina malamin gona a fadamun Wurno da Kware, har yau da nake fama da ɗan lambuna na gida bayan ritaya, na lura yawancin asarar da mutane ke yi ta samo asali ne daga shuka abu ba a lokacinsa ba, ko rashin shirya wa bazara tun tana nesa. Wasiƙunku sun taru, na zaɓo waɗanda amsarsu ba za ta jira wata mai zuwa ba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Na shuka tumatir cikin buhu 6 a tsakar gida a watan Maris. Ya tashi kore shar, ya yi fure, amma furen duk ya kaɗe, ko ɗa ɗaya ban tsinka ba. Safe da yamma nake ba shi ruwa. Maƙwabciyata ta ce baki ne. Mi ya kamata in yi? Daga wata uwargida, Mabera.

AMSA: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, babu bakin kowa a cikin wannan. Rana ce ta yi miki ɓarna. Tumatir na iya yin ganye a cikin zafi, amma furensa ba ya ɗaukar ɗa idan rana ta wuce digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba. Garin da ke cikin furen ne ke lalacewa, sai furen ya yi rawaya daga wuya ya faɗi. Wanda aka shuka a Maris yana fure ne a tsakiyar Afrilu, lokacin da mu kanmu muke fitar da tabarma waje da dare. Ko ganga guda kike zuba masa kullum ba zai ɗauka ba.

Ki duba masu lambun fadamar Kwalkwalawa, a kan hanyar jami'a. Yanzu suke renon iri. Ki yi yadda suke yi. Ki sami tsohon kwano ko kwando, ki cika shi da ƙasa mai laushi, ki yayyafa irin, ki rufe da ƙasa kaɗan, ki ɗora busasshiyar ciyawa a sama har ya tsiro. Bayan kamar mako 4, idan ya yi ganye huɗu zuwa biyar, ki dasa shi da la'asar sakaliya don ya kwana cikin sanyi kafin ya haɗu da rana. Tushe ɗaya a buhu ɗaya. Na san zuciya ba ta son jefar da dashe mai kyau, amma uku a buhu ɗaya ba za su ba ki abin da ɗaya zai ba ki ba. Ragowar ki ba maƙwabciyar taki.

Maganar buhun kuma. Farin buhun shinkafa ya fi baƙin bokitin roba, domin baƙar roba na tara zafi har ta dafa saiwa. Ki naɗe bakin buhun ya dawo tsawon kamu biyu, ki huda gindinsa wuri biyar ko shida, ki ɗora shi kan bulo. Ƙasar da za ki zuba: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Alhamdu lillahi, a garin da kusan kowace unguwa ke da jar akuya ba a rasa taki, sai dai a rasa haƙurin jiransa ya ruɓe. Ki tara kashin awaki a lungu, ki jiƙa shi, ki rufe da tsohon buhu, ki riƙa juya shi duk mako biyu. Ranar da kika cusa hannu kika ji babu ɗumi, warin ya tafi, ya yi baƙi yana marmashewa tsakanin yatsu, to ya nuna. Ɗanyen taki na ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Kashin kaji ya fi kowanne zafi, shi kam sai ya daɗe.

Tunda kin ce safe da yamma kike ban ruwa, na san kuɗin 'yan ga-ruwa na cin ki. Ga dabarar da na fi so a duk harkar lambun gida. Ki sayi tulu na ƙasa wanda ba a yi wa fenti ko siminti ba. Ki cika shi da ruwa ki gani: idan bayansa ya yi gumi, shi ne. Idan kina da ɗan fili a ƙasa, ki binne shi har wuya, ki dasa tumatir uku ko huɗu kewaye da shi, tazarar tafin hannu daga jikinsa. Ki cika, ki rufe bakin da murfi saboda sauro da yara. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, ba wanda rana za ta sha a sama. Idan kika tone bayan wata biyu za ki ga fararen saiwoyi sun lulluɓe tulun ta ko'ina. Wannan ban ruwa marar yankewa shi ne kuma maganin baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, wanda ke zuwa idan ƙasa ta bushe ƙayau yau, gobe a cika ta da ruwa.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk ki tara su, suna da amfani. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa kada ya kusanci shuka. Idan Maris ya zagayo, ki bar tumatir ya huta. Ki shuka alayyahu, rama, sure ko guro a ƙarƙashin 'yar rumfar kara, su zafi bai dame su kamar tumatir ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni matashi ne na gama makaranta ban sami aiki ba. Na gina tankin siminti a bayan ɗakina, ya bushe da kwana uku na cika shi da ruwan famfo na zuba 'ya'yan tarwaɗa 300. Kafin mako ya zagayo fiye da rabi sun mutu. Sauran suna tsayawa a saman ruwa kai sama. Kuɗin na mahaifiyata ne, ban san yadda zan dube ta ba. Daga wani ɗanka, Gidan Igwai.

AMSA: Ɗana, Allah Ya mayar da alheri. Ka je ka faɗa wa mahaifiyarka gaskiyar abin da ya faru, ka karanta mata wannan amsar, domin abin da ya kashe kifinka sananne ne kuma yana da gyara.

Sabon siminti ne babban mai laifi. Yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa cikin ruwa, wanda ke ƙona fatar kifi da wurin da yake numfashi a gefen kansa. Ba a zuba kifi a sabon tanki sai an jiƙa shi. A cika shi da ruwa a bar shi mako guda, a zubar, a goge bango da burushi, a sake cikawa, a maimaita har sau uku. Wasu na jefa buhu ɗaure da busasshen kashin shanu a ciki lokacin jiƙon, har bangon ya fara yin kore. Bayan nan a gwada da kifi biyar na kwana uku. Idan suna iyo suna cin abinci, sai a kawo sauran.

Ruwan famfo kuma ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kifi ba ya jure shi. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu kafin a yi amfani da shi. Na rijiyar burtsatse ba shi da kulorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, don haka ka bar shi ya zubo daga sama yana fantsama.

Yanzu abin gaggawa shi ne waɗanda suka rage. Yau ɗin nan ka kwashe su ka zuba a manyan robobi ko rabin duro mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba, da ruwan da ya kwana. Kada ka ba su abinci yau da gobe. Kifin da ke cikin wahala ba ya ci, abincin sai ya nutse ya ruɓe ya ƙara ɓata ruwan. Tsayuwar nan da suke yi kai sama, gashin baki na leƙowa, ita ce hanyar da tarwaɗa ke gaya maka ruwa ya lalace. Tarwaɗa na iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa takan rayu a inda karfasa za ta mutu cikin dare ɗaya, kuma wannan juriyar tata ce ke yaudarar masu kiwo su ɗauka komai lafiya. Tana raye, amma ba ta girma.

Ba ka faɗi girman tankin ba, amma ga ma'aunina ga mai koyo wanda ba shi da ruwa mai gudu: a kowace lita 1,000 kada ka wuce kifi 50. Na san akwai masu zuba ninkin wannan, to su suna da injin ruwa da gogewa. Ka fara da kaɗan ka koyi halinsu. Zurfin ruwa ya kai mita ɗaya, domin ruwa marar zurfi a Sakkwato na zafi da azahar ya yi sanyi da asuba, kuma wannan hawa da sauka na gajiyar da kifi. Ka kafa rumfar zana ta rufe fiye da rabin tankin tun kafin bazara. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, don haka a Afrilu da Mayu ne za ka fi canjin ruwa. Kada ka zubar da duka lokaci guda. Kashi ɗaya cikin uku ya isa, ta bututun ƙasa inda datti ke taruwa. Hancinka zai gaya maka lokaci: da ka ji ruwan ya fara ɗoyi, ka makara da kwana ɗaya.

Abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon tarwaɗa, saboda haka ka yi lissafinsa na wata 6 kafin ka sayi ɗan kifi ko ɗaya. Ka yi amfani da abinci mai yawo a saman ruwa don ka ga abin da suke ci. Ka tsaya a gefe ɗaya kullum, ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan. Da farko ruwan zai yi ta tafasa da su, suna hawan juna. Da ka ga sun fara ɗauka da kasala, ka rufe buhu. A hunturun da muke shiga ruwa na sanyi, cinsu na raguwa. Ka rage abincin, ka ba su da hantsi idan rana ta ɗaga, ka rufe tankin da buhuna da dare.

Duk mako biyu ka tace su, ka ware waɗanda suka fi girma. Tarwaɗa na cin 'yar'uwarta, kuma 'yan ƙalilan da suka riga sauran girma za su iya rage maka tanki ba ka ga gawa ko ɗaya ba. Ka yi hattara da ƙayar da ke gefen wuyanta lokacin kamu.

Abu biyu na ƙarshe. Ruwan da kake zubarwa taki ne. Ka ja masa 'yar hanya zuwa gindin zogale, gwanda ko fangalin alayyahu, za ka ga bambanci cikin mako biyu. Sannan ka yi wa tankin murfin raga mai ƙarfi da makulli. Zai hana mage da tsuntsu, zai hana kifin tsallewa ranar ruwan sama, amma dalilina na gaskiya yara ne. Ruwa mai zurfin mita ɗaya a gidan da ake da mai rarrafe ba abin wasa ba ne, kuma wannan ba na sassautawa a kansa.

TAMBAYA: Malam, tun da na fara lambu kwaɗi suka cika mini gindin randa, ƙadangaru na cinye mini dashe, har bushiya yara suka gani. Maigida ya ce lambun zai jawo mana maciji, ya sayo fiya-fiya ya ce a fesa ko'ina. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Daga Hajiya, Runjin Sambo.

AMSA: Hajiya, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Ki ba Alhaji haƙuri cikin ladabi, ki ce malamin gona ya roƙe shi ya ajiye wannan kwalbar. Fiya-fiya guba ce mai ƙarfi. Ba a fesa ta kan ganyen da za a yi miya da shi, ba a fesa ta inda yara ke wasa da ƙasa, kuma ba ta korar maciji. Abin da za ta kashe shi ne masu yi miki aiki kyauta.

Ki fito bayan isha'i da tocila ki tsaya kusa da randar. Za ki ga kwaɗo zaune shiru, sai gyare ko kyankyaso ya gifta, harshe ya fita ya koma kafin ki ƙifta ido. Haka yake yi har asuba. Ranar da shinge ya tashi a farkon damina kuwa, sai ya ci har ya kasa tsalle. Ba ya taɓa ganye. Abin kula kawai shi ne yaro ya wanke hannu idan ya taɓa shi, don ruwan fatarsa na sa ido zafi. Bushiya ma haka: ƙwari take bi cikin dare, da tsutsa, har kunama. Gidan da bushiya ta zaɓa ta zauna gida ne mai sa'a, ki hana yara jifan ta.

Ƙadangare kam yana da laifi, ba zan wanke shi ba. Abincinsa tururuwa ne da ƙananan ƙwari, amma idan gari ya bushe yakan far wa ɗanyen dashe da nunannen tumatir, kuma yawanci ƙishirwa ke kai shi. Ki rufe gadon reno da tsohon gidan sauro har dashen ya yi ƙwari. Sannan ki ajiye kasko marar zurfi da ruwa a inuwa, nesa da shukar, ki jefa duwatsu biyu a ciki. Ɓarnar za ta ragu. Wannan kaskon zai kawo miki baƙi da ba ki zata ba: kurciya da sassafe, ƙananan jajayen tsuntsayen nan da ke zuwa garke-garke, da ƙudan zuma da za su sauka kan dutsen su sha ba su nutse ba. A bazarar Sakkwato, shayar da mai rai ba ƙaramin lada ba ne. Ki dai riƙa zubar da ruwan kina wanke kaskon duk kwana biyu, domin sauro na buƙatar kusan mako guda ne daga ƙwai zuwa tashi.

Ƙudan zuman nan kina buƙatarsu. Kabewa da kankana da kokwamba na da fure namiji da mace dabam-dabam. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a ƙarƙashinta. Idan zuma bai kai mata garin namijin ba, ƙullin zai yi rawaya ya faɗi. Masu yawan feshi su ne ke rubuto mini cewa kabewarsu ta yi yaɗo ta rufe danga amma ba ta haihu ba.

Tsoron Alhaji kuwa yana kan hanya, a ba shi haƙƙinsa. Maciji na bin ɓera ne da wurin ɓuya. Ganye kore ba ya kiran sa, amma tarin bulo, itacen girki da aka jibge a ƙasa, tsofaffin tayoyi da ramukan gindin katanga duk masauki ne. A ɗaga itace kan dandamali, a toshe ramuka, a share ciyawar gindin bango, a rufe hatsi. Kada a cusa hannu ƙarƙashin tukunya da dare ba haske. Idan tsautsayi ya faru, Allah Ya kiyaye, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya tamau. A kwantar da wurin kada ya motsa, a nufi asibiti nan take.

Don ƙwarin da ke damun ganye, kamar darɓa da farin ƙuda, maganin na ƙofar gidanki. Ki tsinci 'ya'yan dogon yaro, ki shanya, ki ɓare, ki daka ƙwayar. Kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato cikin tafin hannu mai kyau. Ki jiƙa ya kwana, ki tace da kyalle, ki narka ɗan guntun sabulu a ciki, ki fesa da almuru lokacin da zuma ya koma gida, musamman bayan ganye inda suke maƙalewa. Ba ya kashewa nan take, yana hana su ci ne da hayayyafa, don haka ki maimaita duk mako.

TAMBAYA: Baba, ni amarya ce, gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti. Ina son furanni. Na sayi wardi biyu masu tsada, wata ɗaya suka bushe. Wace fulawa ce ke jure garin nan? Daga 'yarka, Arkilla.

AMSA: 'Yata, Allah Ya ba da zaman lafiya. Na ji daɗin wasiƙarki, domin mutane da yawa na ganin shukar da ba a ci ɓata ruwa ce, ni kuwa ban yarda ba. Gidan da ido ke samun abin kallo ya fi daɗin zama.

Wardi na son wuri mai sanyi irin Jos. A nan sai an yi masa hidimar da ba ta dace da mai sayen ruwa a jarka ba. Ki fara da kariya. Tamu ce, a dajin ƙasar nan take fitowa. Gindinta kumburarre ne don a nan take ajiyar ruwa, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta zubar da ganye ta zama kamar busasshen itace, sai ta fito da furanni ruwan hoda masu fari a tsakiya a kan tsiraran rassa. Tana son rana tsantsa da ƙasa mai yashi. Yawan ruwa ne ke kashe ta: sai ƙasa ta bushe har zurfin ɗan yatsa za ki ƙara, a damina kuma ki tabbata tukunyar na tsiyaya. Amma ruwan jikinta guba ne. Ki ɗora ta inda yaro da akuya ba za su kai ba, ki wanke hannu idan kin yanke reshe.

Ta biyu bugenbiliya, mai furen nan kamar takarda, ja ko shunayya ko fari, da kike gani tana leƙowa ta kan katangun gidajen GRA. Ita ma idan aka cika mata ruwa da taki sai ta yi ganye ta ƙi fure. A ɗan bar ta da ƙishi take nuna kyanta. Ba sai kin saya ba. Ki roƙi reshe mai kaurin fensir wurin mai ita, ki soka a tukunya a inuwa da damina. Tana da ƙaya, kada ki ajiye ta a hanyar wucewa.

Akwai kuma fasa-ƙaba mai fure, wadda ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma. Ita ko tsinke kika karya kika soka a tsohon kwano za ta kama, ta zubo ta gefe da launi iri-iri. Idan ƙamshi kike so, ki sa lalle a babbar tukunya. Mutane sun san ganyensa, kaɗan ne suka tsaya suka shaƙi furensa da dare. Ki ƙara da ɗoɗɗoya kusa da ƙofar ɗaki, da na'a-na'a a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, ga ado ga na shayi.

Simintin tsakar gida na ɗaukar zafi da rana ya sake shi da dare. Ki ɗora tukwanen kan bulo ko katako, ki jera su kusa da juna su yi wa junansu inuwa, a gefen da ke samun ranar safe ya tsira daga ta la'asar. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba sanyi. Idan kika ga farin gishiri na taruwa a bakin tukunya, daga ruwan ne. Sau ɗaya a wata ki zuba ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya wanke shi. Ranar tashi daga gidan haya kuma, lambunki na shiga mota tare da kayan ɗaki.

TAMBAYA: Akwai babban dogon yaro a gidanmu, duk abin da na shuka ƙarƙashinsa ba ya yi. In sare shi? Daga wani magidanci, Bodinga.

AMSA: Ƙanena, kada ka sare. Itacen da ke sauke zafin gida a watan Afrilu ya fi duk alayyahun da za ka samu a wurin. Saiwarsa ce ke shanye ruwa da takin da kake zubawa, inuwarsa kuma ta yi wa kayan miya yawa. Ka rage rassan gefen gabas don ranar safe ta shigo. Abin da za ka sa ƙarƙashinsa ya zama a tukunya ko buhu, bisa bulo, don saiwarsa na iya shiga ta hudar gindi idan tukunyar na ƙasa. Nan ne wurin da ya fi dacewa da renon dashe da ɓoye tukwane a bazara. Busasshen ganyensa kuma kada a ƙone shi, a shimfiɗa a gindin shuka ya riƙe danshi.

TAMBAYA: Baba, na shuka ƙwallon mangwaro shekara 4 da suka wuce, ya yi tsawo amma ko fure. Zogalen da na shuka kuma ya wuce rufin ɗaki, ganyen sai a can sama. Daga wani malamin makaranta, Gwadabawa.

AMSA: Malam, mangwaron ƙwallo sai an yi haƙuri, yakan kai shekara 6 ko fiye kafin ya fara, kuma ba lallai ya yi irin uwarsa ba. Mai aure shi ke haihuwa a shekara 3 zuwa 4. Tunda naka ya riga ya kafu, ba sai ka cire shi ba. Ka nemi mai renon itatuwa da ya iya aure, ya ɗora masa reshen irin da kake so. Idan ya kai munzalin haihuwa, ka rage ban ruwa daga Nuwamba, domin bushewa da sanyin hunturu ke sa shi fure. Sai 'ya'yan sun ɗaura ka dawo da ruwa sosai. Idan za ka ƙara wani, ka dasa a Yuli lokacin da ruwa ya zauna, nesa da katanga da ramin masai da aƙalla taku shida, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Zogale kuwa laifinsa ɗaya, idan ba a sare shi ba sama yake nufa. Ka sare shi daidai ƙugunka, kada ka ji tsoro. Cikin mako biyu zuwa uku zai fito da rassa da yawa daga wurin saran. Duk reshen da ya kai kamu biyu ka tsinke kansa, sai ya sake rabuwa, ganyen ya dawo inda uwargida za ta miƙa hannu ta tsinka. Sandar da ka sare ma kada ka jefar. Ka yanka ta tsawon kamu biyu-biyu, ka soka kashi ɗaya cikin uku a ƙasa mai danshi a jikin danga, kana ba su ruwa kaɗan-kaɗan har su tofo.

Masu tambaya kan albasa da tafarnuwa a fangalin gida, da mai tambaya kan kifin ado da ruwansa ya koma kore, ku dakace ni a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Mai albasa dai ya zuba irinsa a gadon reno tun wannan makon.